Koren Fenti a Bakin Garma

Jama'a, idan a cikinku akwai wanda ya ga wani dattijo kwanakin baya da hantsi yana tsala gudu a bayan injin huɗa, takalmi ɗaya a ƙafa, hula ta yi nata wuri, yana salati yana ba injin haƙuri, to ni ne, kuma ina roƙon arziki a daina ƙara wa labarin gishiri. Ban faɗa rijiya ba, kamar yadda mai shayin bakin titi yake gaya wa duk wanda ya zauna a bencinsa. Ban kuma karya ƙafa ba. Shingen maƙwabcina Tsohon Soja kawai muka shiga, ni da injin, muka ɓulla ta ɗaya gefen, muka yi masauki a cikin kabewarsa. Shi kuwa yana zaune a gindin bishiya yana gyaran gemu da ɗan madubinsa, ya ɗago kai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam Alƙalami, ai da ka yi sallama da na buɗe maka ƙofa."

Na san abin da za ku ce: mutumin da aikinsa riƙe biro, me ya kai shi riƙe inji? To ku yi mini adalci. Na iya injin nan. Bara ni na huɗe gonata da shi tas, ko kazar wani ban taka ba. Abin da ya kayar da ni fenti ne, kore shar, kuma shawarar fentin nan daga sama ta gangaro, kamar yawancin abubuwan da ke kayar da talaka. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Mu masu 'yan gonaki a bayan unguwa muna da ƙungiya. Kada ku zaci wata babba ce. Benci biyu ne, da rumfar kwano, da ɗakin ajiya, sai Ciyaman, wani tsohon direban babbar mota wanda tun da ya ajiye sitiyari yake neman abin da zai tuƙa, Allah ya ba shi mu. Bara ana gab da damina, Mai Girma Babban Mai Tausayin Manoma, Allah ya ƙara masa tausayi, ya tuna da mu. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, motoci suka yi ta shigowa har wuyana ya gaji da juyawa. Man da ayarin nan ya sha a ranar, da injin aka zuba wa, da ya huɗe gonakinmu ya haɗa da na jikokinmu. Mai Girma ya sa farin hankici ya kama hannun injin, aka ɗauki hoto, aka tafa, ya yi mana albishir cewa daga yau fartanya ta zama kayan tarihi. Sai ya miƙa wa wani na bayansa hankicin ya shiga mota.

Amma tsakani da Allah, abin da aka ba mu abin kirki ne. Ga wanda bai san shi ba, 'yar ƙaramar tarakta ce mai taya biyu, ba kujera, kana biye da ita a ƙasa kana riƙe da hannuwanta biyu kamar mai tura baro. Ita kaɗai ba abin da ta iya sai ƙara da hayaƙi. Aikin yana ga kayan da ake ɗaura mata a baya: garma ta kife ƙasa, wuƙaƙe masu juyawa su barje ta ta yi laushi, ga abin tayar da kunya, ga 'yar amalanke ta ɗaukar taki. Kowanne ƙusa ɗaya ce mai kauri ke riƙe shi, a zura ta a raminta, a maƙala mata 'yar waya a ƙasa don kada ta zare. Muka sa wa injin suna Gwaggo, saboda da safe sai ta yi tari ta yi mita kafin ta tashi, kuma ba ta son a gaggauta ta, amma in ta kama aiki kai ne za ka fara neman a huta.

Bakaniken unguwa ne ya koya mana ladabin zama da ita. Ya ce duk wanda ya tashi daga aiki ya wanke garma kafin ya wanke ƙafarsa, ya bari ta bushe, ya shafe ta da baƙin mai don tsatsa. Wanda ya yi aiki da wuƙaƙe ya bi notinsu ya ɗaure, ya cire ciyawar da ta nannaɗe su, ya ɗura giris a 'yan ƙofofin da aka yi don haka. Muka bi, har da masu ƙyuya a cikinmu, domin Ciyaman yakan zo ya shafa yatsa ya sansana. Kafin damina ta raba, koren fentin da ke fuskar garmar ya tafi, ƙasa ta goge shi, ƙarfen ya fito fes yana ƙyalli har Ciyaman kan tsaya ya gyara zaman hularsa a ciki. Bakanike ya ce haka ake so. Garmar da ta goge ita ce ƙasa ke zamewa a kanta ta kife gefe salin-alin, mai fenti kuwa laka kama ta take yi.

Muna zaman lafiyarmu, sai bana aka ji sanarwa a rediyo. An kafa Babban Kwamitin Duba Lafiyar Kayan Alheri. Za a bi ƙungiya-ƙungiya, duk wadda aka tarar kayanta ba kamar yadda aka miƙa mata su ba, za a ƙwace a ba masu riƙon amana. Wani jami'i, Mai Duba, zai zo da hoton ranar biki a wayarsa, ya kalli hoto ya kalli kaya. Mai shayi, wanda shi ne rediyonmu na biyu kuma ya fi na farkon kama tasha, ya ƙara da cewa 'yan ƙungiyar tsallaken gada ko ledar nasu injin ba su taɓa cirewa ba, kuma har an yaba musu. Wata ƙungiya kuma can gaba, in ji shi, tuni an ƙwace nasu don garmarsu ta yi fari.

Ciyaman ya kira taron gaggawa. Ya sa aka jingina garmar a tsakiyar rumfa, ya ɓanɓaro hoton bikin daga bango ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku dubi nan. A hoto wane launi ce?"

Muka ce koriya ce.

"To a nan fa?"

Muka bi ta da ido, muna kallon fuskokinmu a jikin ƙarfen.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai aiki ta yi. In sun tambaya sai mu ce musu noma muka yi da ita."

Ya watso mini irin kallon da yake yi wa ƙananan motoci a zamanin tuƙinsa. "Malam Alƙalami, kai da kake rubutu a jarida ma kake wannan magana? Sanarwa cewa ta yi kamar yadda aka miƙa. Ka ji inda ta ce kamar yadda aka yi noma?"

Bakanike ya yi gyaran murya. "Ciyaman, in fa aka shafa mata fenti, ƙasa ba za ta ji daɗinta ba."

"Ƙasa ce za ta zo dubawa ko mutum?"

Bakanike ya sosa ƙeya, ya dubi garmar, ya dubi rufin kwano. "To in dai sai an yi, ni zan shafa. Ba na so a ɓata abu kuma a ɓata shi da mummunan hannu."

Aka ɗaga hannuwa, magana ta zauna. Tsoron a ɗauke Gwaggo ya fi ƙarfin kowa, domin duk mun tuna ciwon bayan da muka rabu da shi.

Sai a shagon mai fenti na san kore ba ɗaya ba ne. Mutumin ya baje mana murafu a kan kanta, wannan koren ganye, wannan koren kwaɗo, wannan na ƙofar shago, wannan na allon makaranta. Ciyaman yana kara hoton a jikin kowanne yana runtse ido ɗaya. Mai fenti ya ce, "Baba, hoton nan fa rana ta cinye shi, dubi rigar Mai Girma ma ta koma ruwan toka." Ciyaman ya ce a kiyayi rigar manya, a yi maganar fenti. Daga ƙarshe muka ɗauki wanda ya fi kama da abin da kowa yake tunawa, ko da yake ba mutum biyu da tunaninsu ya zo ɗaya.

Bakanike ya shafe garma, ya shafe wuƙaƙe, ya shafe abin tayar da kunya, aiki mai tsabta, ya wanke hannu ya tafi. Fenti ya yi saura a gwangwani. Ciyaman kuwa mutum ne da bai yarda abu ya yi saura ba, sai ya naɗe hannun riga ya ɗauki buroshi da kansa. Ya bi ƙusa ya shafe, ya bi raminta, ya bi 'yan ƙofofin giris ya toshe su ɗaya bayan ɗaya don a ganinsa datti ne, ya dawo kan ɗan ƙarfen da ake matsawa a hannu in ana so injin ya tsaya, shi ma ya yi masa wanka. Gwaggo ta fito sharr, ko ranar biki ba ta yi wannan kyau ba. Ya tura ta ɗaki ya datse da kwaɗo, ya ce ba mai taɓa ta sai Mai Duba ya zo ya tafi, kuma jibi zai zo.

A nan ne tawa ta same ni, domin bana ni ne na farko a layin huɗa, kuma uwar yarana ta dogara da haka. Tun cikin rani take renon tumatir a bayan ɗaki, cikin gwangwanaye da tsofaffin bokitai da duk wata robar da ta tsage a gidan, har da kofin shayina, wanda na yi ta nema sai na gan shi da ganye a ka. Ba tumatirin kasuwa ba ne. Iri ne da ta gada wajen mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ƙanana masu zaƙi da ba sa saurin ruɓa, tana ajiye shi shekara da shekaru tana shuka kaɗan-kaɗan. Bana da ta ga akwai inji kuma mu ne a gaba, sai ta zazzage irin gaba ɗaya ta shuka, ko ƙwaya ba ta rage ba. Lokacin da famfo ya yi yaji da kanta ta riƙa ɗebo musu ruwa. Ta yi musu inuwa da tsohon zaninta, ta ɗaure kaji, ta hana jikoki ƙwallo a tsakar gida. Shi kuwa dashe yana da lokacinsa. In ya wuce a gwangwani, saiwa ta nannaɗe, ya yi tsawo ya rame, daga nan sai rawaya.

Ruwa ya sauka, mai kyau, irin wanda manomi ke fita ya tsaya a ciki yana murmushi shi kaɗai. Ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Jibi ta zo, muka yi wanka muka sa kayan fita muka jeru a benci. Mai Duba bai zo ba.

Aka ce motarsa na layin mai. Wannan kam na yarda, domin na bi ta gidan man na ga layin, wanda yake ƙarshe a cikinsa ya fi kusa da gidan man garin gaba. Da ya samu mai, aka ce an tura shi taron bita kan hanzarta ayyuka, kuma taron ya ja kwanaki saboda babban baƙo bai iso da wuri ba. Da aka rufe taro, aka ce ya tafi rakiyar wani babba filin jirgi, washegari kuma ya koma taryo shi don jirgin bai tashi ba. Ina so in yaba wa manyanmu a nan, domin ba su taɓa barinmu cikin duhu ba. Kullum akwai dalili sabo fil, ba a taɓa maimaita mana na jiya ba. Mu kuma kullum muna benci cikin kayan fita, gonaki na bayanmu suna shan rana.

Wata safiya uwar yara ta kira ni bayan ɗaki.

"Malam, injin naku lalacewa ya yi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Bai ma taɓa kyau irin na yanzu ba."

"Mai ne babu?"

"Akwai, tanki cike."

"To me ake jira?"

"Ana jira a zo a duba ko muna kula da shi."

Ta kalle ni. "Wato don a tabbatar yana aiki, shi ya sa aka hana shi aiki."

"Ke ba ki san sha'anin hukuma ba."

"Ban sani ba kam. Wannan na sani." Ta ɗaga gwangwani ɗaya ta juya mini gindinsa. Saiwa ta huda ta fito fara sol tana neman ƙasa, ganyen ƙasa kuma ya fara sauya launi. Ta mayar da shi a hankali ta ci gaba da ba su ruwa. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Za ku ce ina fartanya? Bayana ya daɗe da yin ritaya, ƙasar wajenmu kuwa laka ce mai taurin kai, masu ƙwadago kuma tun da aka ce fartanya ta zama kayan tarihi suka ɗauki maganar da gaske suka koma wasu sana'o'i. Saboda haka na tuna akwai makullin ɗakin ajiya na biyu a hannuna. Na ce a raina zan huɗe gonar kafin Ciyaman ya gama karin kumallo, in wanke garma, in mayar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Na turo Gwaggo bakin gona, na kawo garma na daidaita. Ƙusa ta ce ba ta san zancen ba. Fenti ya ƙara mata ƙiba, ya kuma rage wa raminta faɗi. Na samu dutse na yi ta bugu har ta shiga rabi, ramin 'yar wayar kuwa ya toshe ɗam, na ce rabi ma ya isa aikin safiya ɗaya. Gwaggo ta yi tarinta ta tashi. Farkon tafiya lafiya lau, har na fara 'yar waƙa. Can sai na ji nauyi. Na leƙa, laka ta manne a fuskar garmar, wata ta hau kan wata, abin ya zama dunƙule kamar suri. Ƙasa ba ta kifewa, turata kawai ake yi. Gwaggo ta fara nishi, ni kuma na danna hannuwanta da duk ƙarfina ina ba ta ƙwarin gwiwa. Sai ji na yi ƙwas, ƙusa ta yi tsalle, garma ta zauna daram a inda take. Gwaggo ta ji an sauke mata kaya, ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na matsa ɗan ƙarfen tsayarwa, ashe fentin Ciyaman ya bushe ya riƙe shi gam. Sauran labarin kun ji shi wajen mai shayi, ku dai cire rijiyar. Yaɗon kabewa ne ya nannaɗe tayoyin ya kashe injin, Allah ya saka wa kabewa.

Ciyaman ya iso da gudu, zani a kafaɗa. Ya wuce ni ina zaune ina cire ƙaya a gwiwa, ko sannu, ya je ya durƙusa gaban garma ya kankare lakar da yatsa.

"Innalillahi! Ya kwaile ta! Malam Alƙalami, ka kashe mu!"

"Ciyaman, ƙafata fa..."

"Ƙafarka tana cikin hoton ne?"

Aka koma wajen mai fenti. Wancan koren ya ƙare, aka kawo ɗan'uwansa, da aka shafa sai wurin ya fito kamar faci a wando, dole aka sake bin kayan gaba ɗaya. Ni kuma na wuni ina gyaran shinge, Tsohon Soja yana zaune yana ba ni umarni cikin jin daɗi, ya ce rabonsa da samun kurtu tun yana cikin kaki.

Washegari, fenti bai gama bushewa ba, ba wanda ya yi wanka, sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin rumfa tana huci. Wani siririn mutum ya fito, takalminsa duk ƙura, fuskarsa irin ta wanda ya gaji tun bara. Ya yi sallama ya ce shi ne Mai Duba. Ciyaman ya ruga ya buɗe ɗaki, ya tsaya a gefe yana washe baki yana jiran yabo.

Mutumin ya tsaya a ƙofa ya daɗe. Ya matsa ya taɓa garmar, yatsansa ya fito kore.

"Subhanallahi. Baba, wa ya yi wa garma wannan wulaƙanci?"

Bakin Ciyaman ya rufe a hankali. "Ranka ya daɗe, kamar yadda aka miƙa..."

"Ai wannan ko yashi ba za ta kifar ba. Har ƙofofin giris? Ni fa a gona na tashi, Baba. Da ta goge tana ƙyalli?"

"Kamar madubi," in ji Bakanike, cikin muryar mai ta'aziyya.

"Kash! Ai da kun bar ta."

Na ce, "Yallaɓai, to hoton fa? An ce za a gwada da na ranar biki."

Ya koma motarsa ya buɗe but, ya yaye wani bargo, sai ga garma sabuwa dal, koriya, irin koren da muka yi ta nema a shago muka rasa. Ya ce a kama masa. Aka kawo ta aka jingina a bayan Gwaggo, tamu kuma ya ce a ja ta can bayan ɗaki kada ta shiga hoto.

"Malam, manyanmu a ofis hoto suke gani," in ji shi yana goge wayarsa da gefen riga. "In suka ga garma fara sai su ce an sayar da tasu an sa tsohuwa. Na yi bayani har na gaji, aka ce za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba bayanin nawa. Sai na je sito na ari wannan. Irinta suna nan jibge, ana jiran ranar da Mai Girma zai samu sukunin raba su. Duk inda na je ita nake ɗaurawa in ɗauka. Garmar nan ta fi ni suna a ofis, kuma ba ta taɓa taɓa ƙasa ba."

Ciyaman ya ce, "To 'yan tsallaken gada da aka yaba wa?"

"Nasu ruwa ya shiga ledar, tsatsa ta cinye shi. Daga nesa na ɗauke shi."

"Waɗanda aka ƙwace wa fa?"

"Wa zai ƙwace? Da wace motar za a ɗauka? Wannan da kuke gani ma turo ta aka yi ta tashi."

"Amma ranka ya daɗe, me ya hana a gaya mana?"

"An sanar, Baba. An yi babban taron wayar da kan manoma a otal, an ci an sha. Manoman ne dai kujeru ba su kai kansu ba."

Ya ce mu jeru mu yi murmushi. Muka jeru muka yi, Ciyaman a tsakiya yana riƙe da hannun Gwaggo, tafinsa na manne wa fenti. Mai Duba ya duba hoton ya ce ya yi kyau, ya naɗe garmarsa a bargo kamar jaririya, ya roƙe mu mu tura masa mota. Muka tura. Har ga Allah ban ji haushinsa ba, shi ma wani yake bi a baya yana riƙe da hannuwa.

Kankare fenti ya fi shafa shi wuya nesa ba kusa ba. Muka taru da sanfefa da kananzir da fasassun kwalabe, muna gurza muna tsaki. Bakanike yana bin ƙofofin giris da allura yana magana shi kaɗai. Ciyaman ya fi kowa gurza, kuma ya ce a rubuta a tarihi cewa shi tun farko hankalinsa bai kwanta da fentin nan ba. Muka ci gaba da gurza, hannuwanmu sun yi kanta.

Da garma ta dawo hayyacinta na kai ta gona, sai na tarar danshi ya tafi. Laka ta bushe ta tsattsage, bakin garma yana ta karce sama yana tsalle. Dole aka jira wani ruwan, shi kuma ya yi nasa jinkirin, sai dai shi bai aiko da dalili ba. Da ya sauka na huɗe gonar cikin safiya ɗaya, ƙasa na kifewa luf-luf, aikin da tun farko ba zai wuce haka ba.

Muka kwaso gwangwanaye a amalanke, ni da uwar yara. Tana zare dashen ɗaya-ɗaya tana dubawa. Wannan ya yi tsawo ya karye a wuya, wannan ya yi fure a gwangwani don ya fid da rai, wannan ya yi rawaya har sama. Masu sauran rai ta dasa su da hannunta, ba su cika ko kusurwa ɗaya ta gonar ba. Sauran ta jera su a bakin kunya, ta tsaya tana kallonsu, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Sai ta je amalanke ta ɗauko wani abu da ban san ta saka ba, ta ajiye a gabana. Gwangwanin fenti ne da buroshi.

"Malam, ga sauran naku. Tunda ku kore ne damuwarku, bi su ka shafa musu, in ya so a kira mai hoto."

Ba dariya take yi ba. Na yi shekaru ina rubuta wa manya baƙar magana a shafin nan, ban taɓa rubuta wadda ta kai wannan ba, kuma ni aka gaya wa.

Saboda haka, ranku ya daɗe manyanmu masu tausayi, idan labarin nan ya iso teburinku, na gode da injin, Allah ya ƙara girma. Roƙona ɗaya ne, don Allah kada ku kafa kwamiti a kan maganar. Tumatirin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma ba zai iya jira a zo duba shi ba.